Zaman Launi da Launi: Nazari a kan Ɗab'in Katako Marar Sura

Ɗab'in katako ba sana'ar gado ba ce a ƙasar Gobir. Abin da mutanen Sabon Birni da Isa suka gada shi ne dukanci da rini da saƙa da sassaƙa da ɗinkin riga da zayyanar allo, amma ba su gaji sassaƙa zane a jikin katako a shafa masa tawada a buga a takarda ba. Saboda haka mai karatu yana da damar ya tambaya, me ya kawo wannan batu cikin rubuce-rubucen tarihi da al'adunmu? Amsata ita ce, ginshiƙin da wannan fasaha ta tsaya a kansa, wato sanin yadda launi yake zama da ɗan'uwansa launi, ilimi ne da iyayenmu suka daɗe da shi a hannunsu. Abin takaici shi ne muna barin sa yana salwanta, a daidai lokacin da ake nuna wa yaranmu a makarantun boko cewa ilimin launi baƙo ne, daga Turai ya zo.

Yadda ake aikin

Mai ɗab'i yakan sami allo mai santsi ya zana abin da yake so a kai, sa'annan ya sa wuƙa da kurfi ya sassaƙe duk wurin da ba ya so tawada ta taɓa. Abin da ya rage a tsaye shi ake shafa wa launi, a ɗora takarda, a murza bayanta har launin ya kama. In an ɗaga takardar sai zanen ya fito a juye, dama ta koma hagu, kamar yadda hatimin alƙali yake yi. In ana son launi uku, to bisa al'ada allo uku za a sassaƙa, kowane launi da allonsa, kuma a bi da takarda guda a kansu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya bambanta mai ɗab'i da mai fenti. Shi mai fenti yana ganin launukansa a gabansa, yana ƙarawa yana ragewa. Mai ɗab'i kuwa ba ya ganin yadda ja da shuɗi za su zauna sai bayan ya riga ya yanke katako, yankan da ba ya komawa. Dole ya hango zaman launukan a zuciyarsa tun kafin ya sa wuƙa.

Fasahar tsohuwa ce. Littafi mafi daɗewa da aka buga da katako mai ɗauke da kwanan wata an yi shi ne a ƙasar Sin a shekarar 868. A ƙasar Masar ma, tun zamanin Faɗimiyyawa, an riƙa buga layu da addu'o'i da alluna, abin da Larabawa suka kira ɗarsh. Amma waɗanda suka kai ɗab'in launuka da yawa ga ƙwarewa su ne mutanen Jafan, musamman daga 1765 lokacin da ayyukan Suzuki Harunobu suka fito. Dabararsu 'yar ƙarama ce: sukan yanka wata 'yar kusurwa a gefen kowane allo inda bakin takarda zai tsaya, ta yadda launi na goma zai faɗa daidai inda na farko ya bar masa.

Duk waɗannan hotunan mutane ne da duwatsu da teku. Wanda nake magana a kai shi ne marar sura, wato wanda ba ya kwaikwayon mutum ko dabba ko gida. Wassily Kandinsky, mutumin Rasha, yana cikin na farko da suka nufi wannan hanya a littafinsa na ɗab'in katako da ya fito a 1913. In aka cire sura daga hoto, abin da ya rage shi ne launi da iyakarsa da kuma jijiyar katakon da take fitowa a takarda. Babu doki mai kyau ko fuskar sarki da za su rufa wa mai aikin asiri. In launukan ba su zauna ba, to aikin ya faɗi. Na sha jin malamai suna cewa irin wannan zane "babu komi a cikinsa", alhali kuwa mutumin da ya faɗi haka yana sanye da hular da babu surar komi a jikinta, kuma ya ɗauki lokaci a kasuwa kafin ya zaɓe ta daga cikin 'yan'uwanta. Da wane ma'auni ya zaɓa? Da wannan ma'aunin ne ake auna ɗab'i marar sura.

Launi ba ya zama shi kaɗai

A shekarar 1824 aka naɗa wani masanin haɗa sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Faris. Masaƙa suka kawo masa kuka cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne baƙin yana kusa da shuɗi da makamantansa, su ne suke kashe shi a ido. Ya wallafa bayaninsa a 1839. Taƙaitaccen abin da ya gano shi ne, ido yakan tura kowane launi zuwa ga kishiyar maƙwabcinsa. Ruwan toka a kan ja yakan yi kamar an ɗiga masa kore, shi ɗin kuma a kan shuɗi sai ya karkata wajen ruwan lemo. Haka nan launi mai matsakaicin haske yakan yi duhu a kan fari, ya yi haske a kan baƙi. Daga baya Josef Albers, Bajamushe da ya koyar a Amurka, ya mayar da wannan darasin aji a littafinsa na 1963, inda yake sa ɗalibai su mayar da launi ɗaya ya zama kamar biyu ta hanyar sauya masa shimfiɗa kawai. Ya kamata a lura cewa a marina Chevreul ya gano wannan ƙa'ida, ba a ɗakin masu zane ba.

A ɗab'in katako akwai wani abu ƙari a kan maƙwabtaka, shi ne hawa. Tawadar da aka tsinka ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta, don haka in shuɗi ya hau rawaya sai kore ya fito a inda suka haɗu, koren da babu allon da aka sassaƙa dominsa. Allo biyu ya ba da launi uku ke nan, allo uku kuma yana iya ba da bakwai, ban da farin takarda. Kuma wanda ya riga wani hawa yana da tasiri: shuɗi a kan rawaya ba daidai yake da rawaya a kan shuɗi ba, domin na sama ne yake rinjaye. Shi ya sa galibi ake farawa da mai haske a ƙare da mai duhu. Marini ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san tsomi ɗaya a karofi yana ba da shuɗi mai haske, kuma maimaita tsomin ne yake kai zane ga baƙi ƙirin, sa'annan in mabugi ya buge shi da shuni sai wani ja-ja mai ƙyalli ya taso a samansa, kamar yadda ake gani a turkuɗi da ɗan Kura. Launi a kan launi ke nan, ana ganin na ƙasa ta cikin na sama.

Akwai masu ɗab'in da allo ɗaya tak suke amfani da shi. Su buga launi na farko a duk takardunsu, su koma su ƙara sassaƙe allon, su buga na biyu, haka har allon ya cinye. Picasso ya shahara da wannan hanya wajen 1959, ko da yake shi a kan ledar daɓe mai kauri ya yi, kuma Karen Kunc ta Amurka tana cikin waɗanda suka yi fice da ita a katako marar sura. Wannan aiki yana tuna mini da askar wanzami a kuncin ɗan Bagobiri, shida a nan bakwai a can: hannu ɗaya ake yi, ba gyara.

Ayyuka biyu na mace guda

Domin kada maganar ta tsaya a ƙa'ida, bari in ɗauki ayyuka biyu na Helen Frankenthaler, Ba'amurkiya da ta rasu a 2011, wadda masana da yawa suke ganin ita ce ta farfaɗo da ɗab'in katako a ƙasarta tun daga aikinta na farko a 1973. Malamin da ke da waya mai intanet zai iya ganin hotunansu.

Na farko shi ne Essence Mulberry na 1977. Launinsa ja ne mai duhu irin ruwan hanta, an samo tunaninsa daga 'ya'yan wata itaciya da ke kusa da maɗaba'ar Kenneth Tyler inda aka yi aikin. Jan ya hau shuɗi-shuɗi a wasu wurare, ya tsinke a wasu, sa'annan aka bar ƙasan takardar fili guda ba a taɓa shi ba. A ganina wannan filin da aka bari shi ne rabin aikin. Takardar ba fara fat ba ce, tana da ɗan ruwan ƙasa, kuma saboda nauyin jan da ke samanta sai ta yi kamar tana haskakawa da kanta. In ka sa tafin hannu ka rufe wurin, nan take jan zai yi nauyi ya dushe. Wato launin da ya fi aiki a hoton shi ne wanda ba a buga ba.

Na biyu shi ne Madame Butterfly na shekarar 2000, wanda aka buga da launi 102 daga allo 46 a kan takarda uku da aka jera, faɗinsa wajen mita biyu. Yasuyuki Shibata, gwanin ɗab'i ɗan Jafan, yana cikin waɗanda suka yi aikin. Shi ne aka fi yabo, kuma babu mai musun gwanintar da ke ciki. Launukan suna narkewa cikin juna kamar hadari da yamma, jijiyar katako tana ratsa su. Amma ni ban sa shi gaba da na farko ba. Idan launuka suka kai ɗari, kowanne yana shiga cikin maƙwabcinsa ba iyaka, to babu sauran gaɓar da ido zai tsaya ya ce ga inda wannan ya gamu da wancan. An wahalar da katako har ya yi aikin burushi, kaifin wuƙa ya ɓace. Mai kallo yakan tashi da mamakin yadda aka yi, fiye da jin abin da launukan suka yi wa juna. Yawan launi ba shi ne zaman launi ba, kuma wannan hukunci ba daga littattafan Turawa na ɗauko shi ba, daga gida ne.

Abin da ke hannunmu

Duba rubutaccen Alƙur'ani irin na malamanmu. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, alamar wasali kuma ɗigon kore. Launi huɗu ne, kowanne da aikinsa, kuma ba a ba su wuri daidai wa daida ba: baƙi ne ya mallaki shafi, ja yana bin sa, rawaya da kore kuwa sai ɗigo-ɗigo. Don ƙarancinsu ne ido yake cafke su da sauri. Da marubuci zai yawaita koren, da ya daina zama alama. Waɗannan launuka su ne suke komawa cikin zayyanar da ake yi a wuraren sumuni da rubu'i da izu, kuma su ne a allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukarsa. Allon zayyana, in an dube shi da idon basira, zane ne marar sura cikakke: murabba'i cikin murabba'i, da'ira, saƙa, ja yana fuskantar kore amma an raba su da siririn baƙin layi ko farin fili domin kada su yi faɗa. Salah Hassan, masani ɗan Sudan, ya yi littafi guda a kan wannan fasaha ta Hausawa a 1992, kafin shi kuma David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya baje kayan fasahar Hausa a Landan a 1976. Baƙi sun gani sun rubuta.

Dukanci ya fi ba ni misali mai ƙarfi, tun da jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi ita ce uwar wannan sana'a. Majemi ya jeme fata da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da kuloko, wanda ruwan ƙarfe ne da yake haɗuwa da bagaruwar da ke jikin fatar ya zama baƙi. Kore kuwa daga garin tagulla ake samo shi, kuma ya fi sauran wuyar haɗawa. Ja da kore kishiyoyi ne. In aka ba su fili daidai, ido ba ya samun sukuni. Me baduku yake yi? Sai ya shimfiɗa ja ya cika jiki, ya huda 'yan tagogi ya sa kore a ƙarƙashi yana leƙowa, ko ya bi gefe da siririn tsiri. Ƙarancin koren da tsadarsa ta jawo shi ne ya zama kyawunsa, domin jan da ya kewaye shi yana ƙara masa tsanwa, kamar dai yadda Chevreul ya bayyana. Wannan hudar da baduku yake yi domin launin ƙasa ya fito, ita ce sassaƙar mai ɗab'i, babu bambanci a tunani. Haka mai aikin aska takwas a kan rigar saƙi: zaren tsamiya mai ruwan ƙasa ba wani launi ne mai ɗaukar ido ba, amma a kan shuɗi mai duhu sai ya zama kamar zinariya.

Harshenmu ma shaida ne. Ja da baƙi da fari su ne tushe, ga shuɗi da kore, sauran kuma sai mu jingina su da wani abu: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan hanta, ruwan zuma. Bahaushe ba ya kiran launi a sarari, sai ya tuna inda ya gan shi.

Zariya

Inda ɗab'i ya sami gindin zama a Arewa shi ne Zariya. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu da manufar haɗa dabarun Turai da fasahar gida. Onobrakpeya ya zama babban mai ɗab'i na Nijeriya, kuma a shekarun 1980 ya yi jerin ayyuka a kan Sahel da kwararowar hamada. Solomon Wangboje, wanda malamai da yawa suka san shi ta littafinsa na koyar da zane a ƙananan sakandare, shi ma mai ɗab'i ne kuma ɗan Zariya ne a karatu. Galibin ayyukan waɗannan magabata a kan leda ko ƙarfe aka sassaƙa su, kuma akwai sura a cikinsu.

Ba na rage musu daraja, amma ina da magana a kan yadda aka saba ɗaukar fasahar Hausa a irin waɗannan ayyuka, musamman a hannun na baya. Abin da ake ɗauka shi ne siffa: dagi, tambari, zanen bangon soro, zankwaye. Sai a cika su da launukan gwangwani yadda suka fito daga kanti, ja wur kusa da kore shar kusa da rawaya, kowanne da fili daidai da ɗan'uwansa, kowanne yana ihu. An ɗauki ƙwarya an bar furar. Dagi kowa yana iya kwafarsa cikin minti biyar. Abin da yake da wuyar samu shi ne awon baduku, wato sanin wane launi ne mai gida, wane ne baƙo, da kuma inda za a bar fili. Mai ɗab'in da ya koyi wannan awo zai iya yin aikin da babu dagi ko ɗaya a cikinsa, amma dattijo a Isa ya kalle shi ya ce wannan namu ne.

Ga malamai

Maganar tana da gaggawa. Rinin kanti ya daɗe da ture karan dafi da baba a wurare da yawa, sa'annan rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato, wanda ya sa dubban mutane ƙetarawa zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019, ya tarwatsa kasuwanni da gidajen sana'a inda yaro yake koyon irin wannan awo ta hanyar zama kusa da ubansa. Ilimin ba a rubuce yake ba, a ido yake da hannu. Aji ba zai maye gurbin rumfar baduku ba, amma zai iya riƙe wani abu.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin makarantar ƙauye ba. Guntayen filawud daga wurin kafinta sun isa, ko itacen aduwa da ake sassaƙa allo da shi. Ƙusa da maƙeri ya buge bakinta za ta yi aikin kurfi, bayan cokali kuma shi ne abin murzawa. Launi a dama shi da ƙaro domin ya kama takarda: zargina ko bula don shuɗi, gangamau don rawaya, karan dafi don ja. Ina ba da shawara kada a ba yaro fiye da launi biyu a zangon farko, kuma a hana shi zana mota ko gida. A ba shi allo biyu, ya sassaƙa ratsi a tsaye a ɗaya, ratsi a kwance a ɗayan. Ya buga rawaya sannan shuɗi a takarda guda, a wata takardar kuma ya fara da shuɗi ya bi da rawaya. A manna su a bango kusa da juna, yara su faɗi launi nawa suke gani da sunan da za su kira kowanne. Mako na gaba a sa shi ya ƙara sassaƙe allon shuɗin har ya rage siraran layuka, ya sake bugawa, a tambaye shi ko rawayar ta sauya alhali ba a taɓa ta ba. Bayan haka malam ya aro tsohuwar jakar fata ko allon zayyana daga cikin gari, ya ajiye a gefen takardun, ya ce su nuna masa wane launi ne ya fi yawa a jikinta, wane ne ya fi ƙaranci, kuma a kan wanne idonsu ya fara sauka.